NAZARI: Jami'ar Amurka ta Yola da garin Modibbo Adama: Wa zai riƙe ƙananan jami'o'i idan masu su suka kau?

A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na Gwamnatin Tarayya har tsawon shekara bakwai. Hujjar da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayar ita ce makarantun sun yi yawa, ɗalibai kuma ba sa zuwa da yawa daga cikinsu. Ya ce akwai jami'o'i 199 da ba su samu ko mutum 100 da ya zaɓe su ta hannun hukumar JAMB ba, 34 kuwa babu wanda ya neme su ko ɗaya. A wannan zaman ne kuma majalisar ta amince da lasisin sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara, waɗanda takardunsu suka daɗe suna jiran sa hannu.

Tun daga lokacin, muhawarar da ake yi a ma'aikatu da majalisa ta tsaya ne kan adadi: jami'a nawa ake da su, ɗalibi nawa kowace ta ɗauka. Akwai tambaya ta biyu da ba ta cika shiga takardun ofis ba, wato mene ne matsayin ƙaramar jami'a a garin da take zaune, kuma me zai sami garin idan ta durƙushe. Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar Yola, inda Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda aka fi sani da AUN, ta shekara ashirin tana zaune a gefen ɗaya daga cikin tsofaffin biranen Daular Usmaniyya.

Garin da malami ya kafa

Yola gari ne da malami ya kafa. Kalmar modibbo a Fulatanci tana nufin malami, kuma Modibbo Adama ya yi karatu a ƙasar Borno kafin ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wajejen 1809. Ƙasar da ya shugabanta ana kiranta Fombina, wato kudu, domin ita ce iyakar daular ta wannan ɓangare. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribaɗu, kafin a 1841 ya sauka a kan wani tudu kusa da fadamar Binuwai. Daga sunan tudu a Fulatanci, yolde, aka samo sunan garin. Ya rasu a 1847, sunansa kuma ya zama sunan ƙasar baki ɗaya.

Ƙasar ba kango ba ce kafin zuwansa. Bata da Verre da wasu al'ummomi da dama suna zaune a kwarin Binuwai da duwatsun da ke kewaye, kuma dangantakarsu da sabuwar masarauta ta haɗa da yaƙi da amana da auratayya. Arzikin Fombina a ƙarni na 19 ya dogara ne kan shanu da hauren giwa da bayi, fatake Hausawa da Barebari kuma su ne suka haɗa ta da kasuwannin Kano da Kukawa.

Yola ta saba da baƙi, ta kuma saba da yi musu kallon tsanaki. A watan Yunin 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal, amma bai yi kwanaki da yawa ba aka sallame shi, saboda ya zo ne tare da manzannin Borno a lokacin da ake jayayya kan iyaka. Shekara hamsin bayan haka, a watan Satumban 1901, sojojin Ingila suka shiga garin da ƙarfin bindiga, Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya ya fice, aka kashe shi a 1903. Kafin nan Ingila da Jamus sun riga sun raba ƙasar a kan takarda: Yola ta faɗa hannun Ingila, amma mafi yawan garuruwan da ke biyayya gare ta, irin su Garwa da Marwa da Ngaundere, suka faɗa Kamaru. Babban birni ya wayi gari an yanke masa mafi yawan ƙasarsa. Abin lura a yau shi ne harabar AUN tana kan titin da aka sa wa sunan Lamiɗo Zubairu.

Daga tashar jirgin ruwa zuwa garin albashi

A zamanin Turawa garin ya rabu gida biyu. Tsohuwar Yola ta riƙe fadar Lamiɗo da malamai da unguwannin gargajiya. Jimeta, wadda ke bakin kogi, ta zama wurin kamfanoni da ofisoshi da baƙi, inda jiragen ruwa ke hawowa da damina su sauke gishiri da tufafi su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu. A Jimeta ne Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu masu yawa. Layin dogo bai taɓa isowa Yola ba, domin wanda aka ja zuwa arewa maso gabas ya bi ta Gwambe ne ya isa Maiduguri a 1964. Da manyan motoci suka karɓe sufuri, aka kuma gina madatsar Lagdo a Kamaru a farkon shekarun 1980, harkar jirgin ruwa ta mutu.

Abin da ya maye gurbinta shi ne gwamnati. An kafa Jihar Gongola a 1976 da hedikwata a Yola, sannan a watan Agustan 1991 aka raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Tattalin arzikin garin ya koma na ƙarshen wata: idan an biya albashi kasuwa ta ci, idan an yi jinkiri kowa ya ji a jikinsa. Manyan makarantun da aka samu duk na hukuma ne, mafi girma a cikinsu ita ce Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1981 a ƙetaren kogi ta wajen Girei. An haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, aka dawo mata da 'yancinta a 1988, daga baya aka sa mata sunan Modibbo Adama. Wannan tarihi yana nuna wani abu game da jami'ar gwamnati: ana iya haɗe ta, a sauya mata suna, a bar ta da ƙarancin kuɗi, amma da wuya a bar ta ta mutu.

Zuwan jami'ar

Jami'o'i masu zaman kansu sababbi ne a Najeriya. Gwamnatin soja ta haramta su a 1984, wata dokar soja ta 1993 ta sake buɗe ƙofa, amma sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion a Okada, Babcock a Ilishan-Remo da Madonna a Okija. Duka ukun a kudu suke, kuma duka a ƙananan garuruwa. Yau adadin jami'o'i masu zaman kansu ya haura 150, amma ɗaliban da ke cikinsu gaba ɗaya ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'a a ƙasar ba.

Atiku Abubakar, ɗan asalin Jada, yana Mataimakin Shugaban Ƙasa lokacin da ya kafa tasa a Yola. Ta fara da sunan ABTI, da shawarwarin Jami'ar Amurka da ke Washington, ta buɗe ƙofa a 2005 da ɗalibai 124, ta yaye rukunin farko a 2009. Tsarin karatun na Amurka ne: ajin da ba shi da cunkoso, darussan gama-gari kafin ƙwarewa, kwamfuta da intanet ga kowane ɗalibi a lokacin da hakan baƙon abu ne a yankin, da kuma sharaɗin cewa ɗalibi zai yi wa al'ummar gari hidima kafin ya kammala. Ba ta taɓa zama babba ba. A mafi yawan shekarunta ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba.

Ga iyayen da ke da hali, babban abin da jami'ar ke sayarwa shi ne tabbas. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 ta sake yin na wata takwas. Ɗalibin jami'ar gwamnati ya san ranar shiga bai san ranar fita ba. Wannan ne ya sa manyan ma'aikata da dama a Abuja, waɗanda su kansu jami'o'in gwamnati suka yi, suke tura 'ya'yansu masu zaman kansu.

Jarrabawar 2014

Abin da ya sa AUN ta bambanta da takwarorinta a idon mutanen gari ya faru ne a shekarun tashin hankali. A watan Janairun 2012, lokacin da zanga-zangar cire tallafin man fetur ta haɗu da hare-haren Boko Haram, shugabar jami'ar ta wancan lokaci, Margee Ensign, ta haɗa kai da limamai da malaman coci da 'yan kasuwa da shugabannin mata aka kafa ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa. Manufar farko ita ce hana rikicin addini a gari da kuma janye matasa daga hannun masu ɗaukar mayaƙa ta hanyar wasanni da koyon sana'a.

A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, ta faɗa hannun Boko Haram, bayan Madagali da Michika. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola. Kaɗan ne daga cikinsu suka shiga sansanonin hukuma. Mafi yawa sun sauka ne a gidajen 'yan uwa da masallatai da coci-coci, ciki har da babbar cocin Katolika ta Yola ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza. Tun da taimakon hukuma sansani yake bi, waɗanda ke cikin gari suka zama ba a ganinsu. Ƙungiyar da jami'ar ta kafa ita ce ta san unguwa-unguwa, ta hannun limamai da fastoci, wane gida ne ya ɗauki baƙi nawa. Jami'ar ta ce rabon abincin da aka yi ta wannan hanya ya kai ga mutum kusan 300,000. Ba a rufe makarantar ba a tsawon wannan lokaci, har da 2015 da bama-bamai suka tashi a kasuwa da masallaci a Jimeta.

Daga nan wasu ayyukan suka biyo baya: shirin ciyar da almajirai da yara marasa gata tare da koya musu karatu da lissafi, da shirin koyarwa ta rediyo da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyi. Wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta a 2014 a can suka ci gaba da karatu. Bayan sakin 21 a watan Oktoban 2016 da 82 a watan Mayun 2017, Gwamnatin Tarayya da kanta ta kai fiye da 100 daga cikinsu jami'ar, ta kuma ɗauki nauyin karatunsu ta hannun Ma'aikatar Harkokin Mata. Ma'aunin da ke ƙirga masu neman shiga ta JAMB kawai ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Katangar da ke tsakani

Duk da haka, ba a ce jami'ar da garin sun zama abu ɗaya ba. Kuɗin makaranta da masauki na shekara miliyoyin naira ne, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ɗan malamin firamare a Jimeta ba ya shiga sai da tallafin karatu, guraben tallafin kuwa ƙididdigaggu ne. Mafi yawan ɗalibai daga wasu garuruwa suke zuwa, a cikin harabar suke kwana, su ci, su yi sayayya, idan sun gama kuma su koma Abuja ko Legas ko ƙasar waje. Idan aka kwatanta da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta haifi gari guda na masu gidajen haya da masu abinci da masu buga takardu, ko da Girei da ke cin arzikin dubban ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama, kuɗin da ɗalibin AUN ke zubawa a kasuwar gari kaɗan ne.

Inda garin ke amfana kai tsaye shi ne aikin yi: masu gadi, direbobi, masu shara, ma'aikatan ofis da 'yan kwangila. Nan ɗin ma an ga rauninsa. A 2020, lokacin annobar korona, jami'ar ta sallami ɗaruruwan ma'aikata bisa hujjar cewa yawansu ya fi ƙarfin adadin ɗalibai. A garin da ba shi da manyan masana'antu, kowane albashi da ya tsaya gida guda ne ya shiga wani hali, da waɗanda ke jingine da shi.

Murhu mai duwatsu uku

Ƙaramar jami'a irin wannan a kan duwatsu uku tukunyarta ke zaune, kuma dukansu suna motsi a yanzu.

Na farko kuɗin makaranta. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni sun ninka kuɗin dizal da kayan aiki da albashin malaman da ake ɗaukowa daga waje. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar naira ta sa wasu iyayen da a da suke tura 'ya'yansu Ingila ko Malesiya sun dawo neman gurbi a gida. Sai dai masu neman waɗannan iyaye sun yi yawa. A 2005 jami'o'i masu zaman kansu a arewa 'yan ƙalilan ne. Yau Abuja kaɗai tana da Baze da Nile da Veritas da wasunsu, Kano da Kaduna ma suna da nasu. Uban da ke zaune a Gwarimpa zai yi lissafin kuɗin jirgi da nisan hanya kafin ya zaɓi Yola.

Na biyu masu ba da tallafi daga waje. Da yawa daga ayyukan da suka ɗaga sunan jami'ar a gari da kuɗin ƙungiyoyin ƙetare aka yi su. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage kasafin agaji. Duk jami'ar da ta gina hidimar al'umma a kan irin wannan kuɗi dole ta nemi wata mafita.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne mai jami'ar. Atiku Abubakar an haife shi a 1946, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2007 da 2019 da 2023, kuma har yanzu yana tsakiyar siyasar adawa. Dukiyar ɗan siyasa ba ta rabuwa da yanayin siyasa, kamar yadda doguwar taƙaddamar kamfanin Intels da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta nuna kafin ya sayar da hannun jarinsa. Wannan ba matsalar AUN ba ce ita kaɗai. Babcock ta samo asali ne daga kwalejin da cocin Adventist ta kafa a 1959, saboda haka tana da uwa da ba ta mutuwa. Amma da yawa daga jami'o'in da aka ba lasisi cikin shekara ashirin da suka wuce mallakar mutum ɗaya ne, kuma ƙasar ba ta riga ta ga yadda yawancinsu za su kasance a hannun magada ba. Jami'o'in da AUN ta yi koyi da su, ta Bairut da aka kafa a 1866 da ta Alƙahira da aka kafa a 1919, sun rayu ne saboda suna da kwamitin amintattu mai cin gashin kansa da dukiyar da aka keɓe wadda ba ta shiga rabon gado. Musulmin arewa sun san wannan tsari da sunan waƙafi, wanda ya riƙe Azhar ƙarnuka da dama.

Abin da ke gaban Abuja

A halin yanzu dokar ƙasa ta ware jami'o'i masu zaman kansu daga manyan hanyoyi biyu na kuɗin ilimi. Asusun TETFund na makarantun gwamnati ne kawai, haka ma rancen ɗalibai na NELFUND da aka sa wa hannu a 2024. Masu jami'o'in sun daɗe suna cewa harajin kamfanoni ne ke cika asusun, ɗalibansu kuma 'yan ƙasa ne kamar kowa. ASUU tana cewa gwagwarmayarta ce ta haifar da asusun a farkon shekarun 1990, kuma idan aka raba shi da jami'o'i fiye da 150 na 'yan kasuwa, ɗan talakan da ke zaune a ƙasa a ajin jami'ar gwamnati shi zai biya. Hujjar ASUU tana da ƙarfi a kan gine-gine: ba daidai ba ne a gina ɗakin karatu da kuɗin jama'a a filin da mutum ɗaya ya mallaka.

Amma tsakanin buɗe asusu gaba ɗaya da rufe ido gaba ɗaya akwai matakai da tarihin Yola ke nunawa. Na ɗaya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana iya sa batun ɗorewa cikin sharuɗɗan sabunta amincewa: shin filin da gine-ginen suna da rajista da sunan jami'ar ko da sunan mai ita, shin akwai asusun waƙafi, shin kwamitin amintattu yana da ikon da ya wuce na iyali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, gwamnati tana iya sayen hidima maimakon ba da kyauta, kamar yadda ta yi da karatun 'yan matan Chibok. Horar da malaman firamare, binciken ambaliyar Binuwai da ta yi ɓarna a 2012 da 2022, ko koyar da yaran da ba sa zuwa makaranta, duk ayyuka ne da za a iya sa gasa a kansu tsakanin jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu. Wanda ya karɓa kuma ya buɗe littattafansa ga masu binciken kuɗi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku, idan har za a faɗaɗa rancen ɗalibai, ya bi ɗalibi da iyakar da ba ta wuce abin da ake ba takwaransa na jami'ar gwamnati ba, a kuma fifita jami'o'in da suka keɓe gurabe ga 'ya'yan garin da suke zaune. Na huɗu, a tanadi ƙa'ida bayyananna kan abin da zai faru idan jami'a ta gaza: ina ɗalibai za su koma, wa zai ajiye takardun sakamakonsu, wa zai biya haƙƙin ma'aikata. Alƙaluman da Ministan Ilimi ya bayar da kansa sun nuna cewa wannan rana ba ta da nisa ga wasu makarantun.

Yola ta ga an yanke mata ƙasa a 1901, ta ga tashar jirgin ruwanta ta mutu, a ƙarshen 2024 kuma ta ga an fitar da masarautar Fufore, inda Gurin da Ribaɗu suke, daga ƙarƙashin Lamiɗo. Garin ya san cewa cibiyoyi suna zuwa suna wucewa. Ko AUN za ta shiga jerin waɗanda suka zauna, ya danganta ne da shawarar da mai ita da amintattunta za su yanke kan mallaka da waƙafi, da kuma ƙa'idojin da jami'an NUC da Ma'aikatar Ilimi za su rubuta cikin wannan shekara bakwai da gwamnati ta ba kanta don gyara.